Heda da numfashin inji: daga ina ƙarin ƙarfin yake fitowa?

Duk wanda ya fara sha'awar ƙara wa motarsa ƙarfi ba ya daɗewa sai ya ji an ambaci heda. Ita ce tarin bututan nan masu lanƙwasa da ake ɗaurawa a gefen kan inji, a madadin dunƙulallen ƙarfen zubin da kamfani ya sa, wanda kanikawa ke kira manifol. A ido aikinsu ɗaya ne, su karɓi hayaƙi daga bakin kowace silinda su miƙa shi ga salansa. Bayanin da aka saba yi kuma gajere ne: wai manifol ya matse hanya, heda ta buɗe ta, hayaƙi ya fita a sake, inji ya ƙara ƙarfi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai da faɗin hanya ne kaɗai zancen, da bututun da ya fi girma shi ya fi kyau, da kuma wanda ya kwance manifol ɗin gaba ɗaya ya bar ramukan a buɗe ya fi kowa gudu. Ba haka abin yake ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Sai an koma cikin silinda za a gane. Injin mai bugu huɗu, irin wanda Nikolaus Otto ya kammala a 1876, yana aiki ne kamar numfashi. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta ya turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kafin wannan ya kammala sandar inji ta juya sau biyu, digiri 720 ke nan. Ƙarfin da za a samu a kowane bugu ya rataya ne a kan yawan sabuwar iskar da ta shiga, domin mai ba ya ci sai da iska. Duk hayaƙin da ya maƙale a silinda bai fita ba, to ya tare wurin sabuwar iska, kuma ga shi da zafi, yana ɗumama wadda ta shigo ta kumbura ta rage nauyi.

Shi kuma hayaƙin ba kwarara yake yi kamar ruwan famfo ba. Bawul ɗin fita, wato ƙofar da hayaƙi ke bi ya bar silinda, yana buɗewa ne tun fistin bai kai ƙasa ba, lokacin da matsin cikin silinda ya ninka na iskar waje sau da yawa, zafinsa kuma a injin fetur da aka taka wa totur yakan kai digiri 700 zuwa 900 a ma'aunin Celsius. Don haka da bawul ya ɗaga, sai hayaƙin ya fito da bugu kamar harbin bindiga. Injin silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana yin irin wannan harbi sau 100 a daƙiƙa guda. In ya kai juyi 6,000, sau 200.

Nan matsalar tsohon manifol take. A yawancin injunan silinda huɗu wuta tana bin jerin 1-3-4-2, kowace silinda tana biyo 'yar'uwarta bayan digiri 180. Amma bawul ɗin fita yakan wuce digiri 180 a buɗe. Ke nan silinda ta 1 ba ta gama rufe ƙofarta ba, ta 3 ta buɗe tata ta yi harbi. Idan dukkansu cikin ɗan gajeren ɗaki guda suke zubawa, bugun ta 3 zai isa bakin ta 1 nan take, ya danna mata hayaƙi ya koma ciki daidai lokacin da take ƙoƙarin fitar da na ƙarshe. Abu na farko da heda ke yi shi ne raba faɗan nan. Tana ba kowace silinda reshenta mai tsawo, ba sa gamuwa sai can nesa a mahaɗa, inda bugun maƙwabciya ba zai samu damar dawowa a kan lokaci ba.

Raba faɗa kaɗai ma riba ce. Amma heda ta kirki tana wuce nan, tana sa hayaƙin da ya fita ya janyo na bayansa. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi babbar mota ta wuce da gudu ya ga yadda takardu da ƙura ke bin ta a baya. Dunƙulen hayaƙin da ke gudu cikin bututu haka yake barin wurin da matsi ya ragu a bayansa. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi shi ban sha'awa. Harbin nan yana aika amo, wato igiyar matsi, wadda ke gudu cikin bututun fiye da hayaƙin kansa, da saurin sauti. A iskar da muke shaƙa sauti na cin mita 343 a daƙiƙa, a cikin hayaƙi mai zafi kuwa yakan kai mita 500 zuwa 600. Da amon ya isa inda bututu ya buɗe, wato mahaɗa, sai wani ɓangarensa ya juyo baya kamar amsa-kuwwa. Abin mamakin shi ne a juye yake dawowa: ya tafi a matsayin turi, ya dawo a matsayin zuƙa.

To, a ƙarshen korar hayaƙi akwai ɗan taƙin lokaci da bawul ɗin fita bai gama rufewa ba, na shiga kuma ya fara buɗewa. Ƙofa biyu a buɗe, fistin yana can sama kusan a tsaye, ba ya turawa ba ya zuƙowa. Idan zuƙar nan ta iso daidai wannan lokaci, sai ta share ragowar hayaƙin da fistin ba ya iya kaiwa gare shi, ta kuma fara janyo sabuwar iska tun fistin bai soma sauka ba. Silinda ta cika fiye da yadda za ta cika da kanta. Ƙarin ƙarfin heda daga nan yake fitowa.

Masu babur mai bugu biyu sun fi kowa shaida ƙarfin wannan amo. Walter Kaaden, injiniyan kamfanin MZ na tsohuwar Jamus ta Gabas, ya shafe shekarun 1950 yana gyara siffar salansa mai kumburarren ciki, har zuwa 1961 babur ɗinsu na tsere mai cc 125, da taimakon wannan da wasu dabarun, ya kai ƙarfin doki 25. Injin mota bai dogara da salansa har haka ba, amma dokar ɗaya ce.

Sai dai dokar tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne masu talla ba su cika faɗa ba. A ce reshen heda tsawonsa santimita 80 ne. Amo zai je ya dawo, mita 1.6 ke nan, a gudun mita 550 a daƙiƙa, cikin ɗan ƙasa da kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa. Wannan lokaci kusan ba ya sauyawa, ko inji na silo ko yana kuka. Abin da ke sauyawa shi ne nisan da sandar inji ta yi a cikinsa. A juyi 6,000 ta juya kusan digiri 105, a juyi 3,000 kuwa kusan digiri 52 kacal. Ke nan zuƙar da ta iso a kan kari a wani gudun, a wani gudun za ta iso tun ba a buɗe ƙofa ba, ko bayan an rufe. Mafi muni, amon ba sau ɗaya yake kai da komo ba, yana ta yi yana juyewa yana raguwa, don haka akwai gudun da turi ne zai iso maimakon zuƙa. A nan ne direba ke jin mota ta yi sanyi a wani wuri kafin ta farfaɗo. Kamar sarewa ne, tsawonta ke zaɓar muryar da za ta fitar. Dogon reshe yana dacewa da ƙaramin juyi da matsakaici, gajere kuma da babban juyi. Babu tsawon da zai gamsar da duka.

Faɗin bututu ma haka. Siriri yana sa hayaƙi gudu ko da inji bai hau ba, sai dai yana shaƙewa in juyi ya yi yawa. Mai faɗi yana ba da hanya a sama, wato a babban juyi, amma a ƙasa, a ƙaramin juyi, hayaƙin sai ya yi nawa, ya huce, jan da yake yi ya mutu. Bambancin ya fi yadda ido ke gani. Daga inci 1 da 5/8 zuwa inci 1 da 7/8 rubu'in inci ne kawai, amma faɗin ramin ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga nan ne wata magana ta samo asali, wadda ake ta maimaitawa, wai inji yana buƙatar ɗan tokare a salansa don ya yi ja. Wani ne ya sa ƙaton bututu, motarsa ta mutu a ƙasa, ya mayar da ƙarami ta dawo, sai ya ɗauka toshewar ce ta taimaka. Abin da ya dawo masa shi ne gudun hayaƙi. Tokare kuwa asara ce a kowane hali, domin fistin ne ke kashe ƙarfinsa wajen ture shi.

Yadda ake haɗa rassan shi ma zaɓi ne. Akwai mai haɗa huɗun lokaci guda, wadda ake kira 4-1, tana ba da zuƙa mai ƙarfi a ƙunƙuntaccen zango, galibi a sama, shi ya sa masu tsere ke son ta. Akwai 4-2-1, inda ake fara aurar da silinda ta 1 da ta 4, ta 2 da ta 3, saboda kowane biyun nan digiri 360 ne tsakaninsu, ba sa cin karo, sannan a haɗa biyun su zama ɗaya. Mahaɗa biyu, amsa-kuwwa biyu, kowace ba ta kai ta 4-1 ƙarfi ba amma sun fi ta shimfiɗuwa a tsakiya. A ganina wannan ce ta fi dacewa da motar da ake hawa kullum. Kamfanin Mazda ma ita ya zaɓa wa injinsa na Skyactiv-G a CX-5 ta 2012, kuma dalilinsa abin lura ne. Yana so ya matse iska da mai har ninki 14, a Amurka ninki 13, abin da ba ya yiwuwa in zazzafan hayaƙi na saura a silinda, domin mai zai riƙa fashewa ba bisa tsari ba. Doguwar hedar ce ta share masa silindar. Sai da aka gyara fasalin gaban motar don ta samu wurin zama.

Injin V8 irin na Amurka kuwa, mai silinda takwas, huɗu a kowane gefe, yana da tasa rigimar. Wuta na tashi duk bayan digiri 90, amma ba ɓangare-ɓangare take bi daidai ba. A tsohon ƙaramin V8 na Chevrolet jerin shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2, ke nan ta 5 da ta 7, waɗanda ke gefe ɗaya kuma maƙwabtan juna, suna harbi a jere, haka ma ta 8 da ta 4 a ɗaya gefen. Mahaɗar kowane gefe sai ta riƙa samun bugu biyu a cunkushe, sannan dogon shiru. Gurnanin nan da ake so a V8 daga wannan rashin daidaito yake. Injiniyoyin Ford GT40, motar da ta ci tseren Le Mans sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, sun magance shi ta hanyar ƙetarar da rassa biyu daga kowane gefe zuwa ɗayan, har kowace mahaɗa ta samu bugu duk bayan digiri 180. Bututan sun nannaɗe da juna har aka yi musu laƙabi da ƙullin macizai. Sun samu wuri ne don injin a bayan direba yake. Labarin Subaru ma kusan haka ne: muryar nan mai kama da gunaguni ta tsofaffin motocinsa samfurin WRX rassa marasa tsawo ɗaya ne suka haife ta, da aka daidaita su a samfurin 2015 sai inji ya gyaru, muryar ta tafi, masoya suka yi ta ƙorafi.

Mai karatu zai iya tambaya, in abin haka yake, me ya hana kamfanoni sa heda tun farko? Ba jahilci ba ne. Ƙarfen zubi ya fi araha, ya fi jure shekaru, yana haɗiye ƙara, yana riƙe zafi, ba ya cin wuri. Babban dalili kuma shi ne katalis, matatar nan da ke ƙone dafin hayaƙi, wadda ta shigo motocin Amurka a 1975, ta zama dole a Turai da dokar Euro 1 ta 1992. Ba ta fara aiki sai ta kai zafin digiri 250 zuwa 300, kuma kaso mai yawa na gubar da mota ke fitarwa a mintunan farko ne bayan an tayar da ita da sanyi. Don haka aka matso da ita dab da kan inji, daidai wurin da dogayen rassa ke bukata. Wasu sun ma wuce nan, sun zuba manifol ɗin a cikin kan injin kansa, ruwan lagireto na zagaya shi, rami ɗaya tak ke fitowa waje. Haka Pentastar 3.6 na Chrysler yake, da EcoBoost 1.0 na Ford, da injuna da dama na Honda da Volkswagen. Mai irin wannan mota ba shi da inda zai ɗaura heda, ko da kuɗin na hannunsa.

Mai turbo, wato fankar da hayaƙi ke juyawa don ta tura ƙarin iska cikin inji, shi ma lissafinsa daban ne. A can ba zuƙa ake nema ba, so ake bugun da zafin su isa fankar turbo ba su raunana ba, don haka gajeren manifol mai kauri yakan fi. Turbo ɗin kansa yana datse amon. Inda ake samun riba a irin wannan inji shi ne bututun da ke bayan turbo.

Wanda motarsa ta dace kuma, ya sani heda ba ta aiki ita kaɗai. Zuƙar nan tana bukatar ƙofa biyu a buɗe, kuma kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul da rufe shi, ita ce ke yanke tsawon lokacin. Injin da aka yi don tsimin mai lokacin nasa ɗan kaɗan ne, zuƙar za ta iso ta tarar da ƙofa kusan a rufe. In bututun shigar iska ko sauran salansar ne ke shaƙe injin, heda ba za ta cire wannan ba. Sai kuma kwamfutar mota. Tana riƙe da awon fetur kashi 1 ga iska kashi 14.7 ta hanyar sansar oksijin da ke jikin salansa, kuma a tafiya ta yau da kullum tana iya gyara ɗan sauyi da kanta. Amma in an taka totur har ƙasa, motoci da yawa sukan koma ga jadawalin da kamfani ya rubuta wa tsohon manifol. Iska ta ƙaru, mai bai ƙaru daidai da ita ba, zafi ya hau, bawul da fistin su ɗanɗana. Shi ya sa sake saita kwamfutar wani ɓangare ne na aikin, kuma sau da yawa kaso mai tsoka na ƙarfin da ake yaba wa heda daga saitin ya fito.

Tun 1996 motocin Amurka ke da sansa ta biyu a bayan katalis mai lura da aikinta, sauran ƙasashe suka biyo baya. A cire katalis ko a matsar da ita nesa, sai wutar gargaɗi ta kama a dashbod da lambar P0420. A Amurka dokar tsaftar iska ta haramta cire ta daga motar titi, Kalifoniya ba ta yarda da heda sai mai lambar amincewar CARB, hukumar jihar mai kula da tsaftar iska, a Birtaniya kuma motar da aka cire wa katalis ba za ta ci gwajin lafiyar mota da ake kira MOT ba. Ko inda ba mai dubawa, hayaƙin dai mutane ne ke shaƙarsa. Gajeriyar heda mai ƙarewa inda manifol ya ƙare tana kauce wa duk wannan, sai dai rassanta ba su kai tsawon da amo zai yi aiki sosai ba, ribarta kaɗan ce.

Batun ƙarfe ba ya bukatar dogon bayani. Baƙin ƙarfe na yin tsatsa, silba, wato ƙarfen nan mai jure tsatsa, mai lamba 409 ta fi shi, 304 ta fi kyau, 321 ta fi jure wuta. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne kaurin farantin da ke manne da kan inji, wanda bai kamata ya gaza milimita 9 zuwa 10 ba, da lanƙwasar da ba ta matse ramin ba, da tsaftar walda ta ciki. Reshen 304 mai santimita 80, in zafinsa ya hau da digiri 600, yana miƙewa da kusan milimita 8, ya koma in ya huce, kullum. Faranti siriri sai ya karkace, gasket ya ƙone, noti ya saki. Ɗigon hayaƙi a nan ba ƙara kaɗai yake jawowa ba. Zuƙar nan tana janyo iskar waje ta ramin, sansa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara, mota ta shiga shan mai. Ga kuma iskar kabon monoksaid, marar launi marar wari, da ka iya shiga cikin mota. Sirirran bututai kuma suna watsa zafi fiye da ƙarfen zubi, wayoyin fulogi da kik da robobin da ke kusa su ne ke fara shan wahala. Shafen yumɓu na musamman yana rage wannan. Naɗin ƙyalle mai jure wuta ma yana ragewa, amma yana riƙe danshi yana kuma gasa ƙarfen, tsagewa ba ta da nisa. Ranar ɗaurawa kuwa, tsofaffin kusoshin manifol da suka shekara suna shan wuta sukan karye a cikin kan inji, aikin yini ya koma na mako.

To nawa ake samu? Ƙaramin injin zamani wanda kamfani ya riga ya yi wa manifol na bututu, 'yan dawakai ne da ba su wuce ƙirgen yatsu ba. Babban V8 mai tsohon manifol, da doguwar heda da saiti, yakan ba da gommai. Amma adadin da ake bugawa a talla yana da yaudara ko da gaskiya ne. Ƙarfin doki shi ne ƙarfin murɗa sau gudun juyi. Ana auna ƙarfin murɗa da Nm, kuma injin da ke ba da Nm 200 a juyi 3,000 doki 84 ne, Nm 200 ɗin dai a juyi 6,000 doki 168. A ce heda ta ƙara kashi 5 cikin 100 a sama ta rage kashi 5 a ƙasa. A takarda an ci doki 8 an bar 4, kuma 8 ɗin kaɗai za a rubuta. Direban da ke sauya giya a juyi 3,000 kuwa 4 ɗin ne rabonsa, duk ranar Allah. Ba zai ma gane ba da farko, domin ƙarar ta ƙaru, kunne kuma yana saurin gaya wa mutum cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Na'urar daino ce ke raba gardama, ita ce ke auna ƙarfin a ƙafafun mota ta zana shi daga silo har ƙarshen juyi. Awo biyu ake bukata, kafin da bayan, a mota ɗaya, na'ura ɗaya, da zafin iska kusan ɗaya, domin sauyin yanayi kaɗai na iya kawo bambancin da ya kai na ƙaramar heda. In an ɗora zanen biyu a kan juna, yawanci akwai inda layukan ke gittawa, ƙasa da wurin tsohon manifol ne ke gaba, sama da shi heda. Mai motar tsere da ba ya sauka ƙasa da juyi 5,000 bai damu da inda gittawar take ba. Mai zuwa aiki da dawowa kuwa, ya fara duba allurar juyin motarsa na mako guda ya ga inda take yini, sannan ya nemi wannan lambar a kan zanen.